Kyamarar da ta dace da mai ɗaukar hoton birni cikin natsuwa, har zuwa filin ƙanƙara

Akwai irin ɗaukar hoton da ba gaggawa a cikinsa. Mutum yakan tsaya a kusurwar titi ɗaya tsawon rabin sa'a yana jiran hasken la'asar ya sauka a kan bangon wani tsohon gini, ko yana jiran wata tsohuwa mai jan keken kaya ta iso daidai ƙofar da ya zuba wa ido, idan kuma hunturu ya kama sai ya koma bakin filin ƙanƙara inda jama'a ke wasan zamiya, ya tsaya cikin sanyi yana kallon yadda suke kewayawa. Wanda wannan ne aikinsa, buƙatarsa ta bambanta da ta mai ɗaukar biki ko mai ɗaukar ƙwallon ƙafa. Yana son kyamarar da ba za ta gajiyar da kafaɗarsa ba, wadda ba ta ƙara, wadda za a iya juya maɓallanta da safar hannu, kuma sama da komai wadda sanyi da laima ba za su kashe ta ba. Yawan megafiksel, wato ma'aunin yawan ɗigon da ke haɗa hoto, wanda masu talla suka fi ɗaga murya a kansa, shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa.

Dalilin da ya sa na ɗora sanyi a gaba shi ne ya taɓa ƙona ni. Wata rana na kwashe kusan sa'a biyu a bakin wani fili da ya daskare, ina jiran fitilu su kama a daidai lokacin da sararin sama bai gama yin duhu ba, wato 'yan mintocin nan da ba su wuce ashirin ba. Da lokacin ya yi, kyamarar da ke hannuna ta mutu, alhali batirinta yana nuna fiye da rabi. Na ciro na biyu, wanda na saya da araha a wajen wani mai sayarwa a intanet, shi kuma bai kai minti biyar ba. Ban tsaya nan ba, sai na ƙara wa kaina wani kuskuren: na shiga ɗaki mai ɗumi da kyamarar a rataye a wuya, nan take raɓa ta lulluɓe gilashinta ciki da waje, kuma tabon da ya rage a ciki bai taɓa fita ba. Tun daga ranar, abin da nake fara nema a takardar bayanin kowace kyamara shi ne iyakar sanyin da kamfani ya amince za ta jure.

A nan ne yawancin waɗanda ake yabo suke faɗuwa, domin galibin ƙananan kyamarori an tsara su ne su yi aiki tsakanin sifili da digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, filin ƙanƙara na waje kuwa a ƙasa da sifili yake rayuwa. Wayar hannu ba ta cikin lissafina: kamfanin Apple da kansa ya ce iPhone tana aiki ne tsakanin sifili da digiri 35, kuma sai an cire safar hannu kafin a sarrafa ta yadda ya kamata. Sony RX100 VII maɓallanta sun yi ƙanƙanta har ga yatsun da ba su daskare ba. Leica Q3 kyamara ce mai kyau, amma wanda ya biya kuɗinta ba zai sami natsuwar tsayawa da ita a kan santsi ba.

Biyu ne suka cancanci a ɗan dakata a kansu. Ricoh GR III, wadda ta fito a 2019, nauyinta giram 257 ne kacal, tana shiga aljihun riga, gilashinta mai faɗi ne daidai da milimita 28 (ƙanƙantar wannan lamba na nufin gilashin yana kama faɗi mai yawa), kuma tana da tsarin da ake saita nisa tun da wuri ta yadda da an danna sai ta ɗauka ba tare da neman saiti ba. A lokacin bazara cikin cunkoson titi da wuya a sami wadda ta fi ta. Sai dai ba a toshe kafofinta daga ruwa da ƙura ba, ba ta da tagar leƙe ta ido, batirinta kuma hoto wajen 200 ne a gwajin da aka saba yi cikin yanayi mai daɗi, balle a ce sanyi ya cinye rabinsa. Fujifilm X100V ta 2020 da ƙanwarta X100VI ta 2024 su ne kowa ke rububi, kuma ban musa kyawun launinsu da shirun ƙiftawarsu ba. Abin da masu yabonsu ba su cika faɗa ba shi ne kariyarsu daga laima ba ta cika sai an sayi zobe da gilashin kariya daban an ɗaura a gaba, sannan gilashinsu ɗaya ne da ba a canzawa, daidai da milimita 35, wanda sau da yawa yakan yi ƙunci idan aka tsaya a siririn lungu ana son kama tsohon gini daga tushe har rufi. Fujifilm X-T5 tana jure sanyi, amma da an ɗaura mata gilashi sai nauyin ya fara magana.

Wadda nake ba da shawara a kanta ita ce OM-5 ta kamfanin OM Digital Solutions mai tambarin OM System, wanda ya gaji sashen kyamarori na Olympus a 2021. Ta fito a 2022, nauyinta giram 414 har da batir da katin mimori, an ba ta shaidar kariya daga ƙura da feshin ruwa ta IP53, kuma kamfanin ya rubuta ƙarara cewa tana aiki har digiri 10 ƙasa da sifili. Wannan rubutaccen alkawari ya fi mini duk wani yabon baka. Idan aka haɗa ta da gilashin M.Zuiko 12-45mm f/4 PRO, wanda shi ma a toshe yake kuma giram 254 ne, sai a sami kayan aiki da bai kai giram 700 ba, mai kama faɗi daga daidai da milimita 24 zuwa 90. Ma'anar haka ita ce da gilashi ɗaya za a ɗauki fuskar gini gaba ɗaya, a juya a ɗauko zanen da ke saman taga a hawa na uku, a kuma jawo mai zamiya daga can tsakiyar fili, duk ba tare da buɗe cikin kyamarar ana canza gilashi a cikin dusar ƙanƙara ba.

Masu raina ta sukan ce sensarta, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, ƙarama ce, megafiksel 20 kawai, kuma gaskiya ne idan duhu ya yi sosai hotonta yakan fi na manyan sensa nuna tsaki-tsaki. Amma ga wanda yake ɗaukar abin da ba ya motsi, na'urar hana rawar hannu da ke cikinta tana biyan wannan bashi. Sensar tana shawagi ne tana gyara girgizar hannu, har mutum ya iya barin kyamarar a buɗe rabin daƙiƙa a hannu da magariba, bangon ya fito tas, masu wucewa kuma su zama inuwa mai jan jiki. Wannan shi ne hoton da na fi so a duniya, tsohon dutse a tsaye cak mutane suna malala ta gabansa, kuma a da sai da sanda mai ƙafa uku ake samunsa. Ƙanƙantar sensar ma tana da amfanin da ba a cika ambata ba: a buɗewar f/4, wato ma'aunin girman kafar da haske ke shiga ta gilashi, zurfin abin da ke fitowa sarai ya yi daidai da na f/8 a babbar sensa, don haka ƙofar da ke kusa da hasumiyar da ke nesa duk sukan fito da kaifi ba tare da an rage hasken da ke shiga ba.

Akwai wasu abubuwa uku a cikinta da suka zama kamar don wannan aiki aka yi su. Duk wanda ya taɓa ɗaga kyamara sama don ya kama dogon gini ya san yadda bangaye ke karkacewa kamar ginin zai faɗi baya. OM-5 tana da tsarin miƙe waɗannan layuka tun a tagar leƙe, kafin a danna, ta yadda mutum zai tsara hotonsa yana ganin abin da zai samu. Tana kuma iya haɗa hotuna da yawa da aka ɗauka a hannu su zama ɗaya mai megafiksel 50, wanda ya dace da sassaƙa da tsagewar bulo, muddin ba abin da ke motsi a ciki. Na ukun shi ne tsarin rage haske na cikin gida, wanda ke ba da damar jinkirta ƙiftawa da rana tsaka. A filin ƙanƙara wannan yana da daraja, domin farin ƙasa yana mayar da haske da yawa, kuma idan ana son bin mai zamiya da kyamara a saurin 1/30 ko 1/15 na daƙiƙa don bayansa ya zama zane-zane, hasken kan yi yawa. Idan kuwa tsayar da shi cak ake so, sai a koma 1/500 ko sama. A kowane hali dole a tuna cewa ma'aunin hasken kowace kyamara yana ɗaukan fari a matsayin toka-toka, saboda haka sai an ƙara haske mataki ɗaya zuwa biyu da hannu, kuma a nan ne faifan juyawa na gaba, wanda yatsa mai safa ke iya kamawa, yake nuna amfaninsa.

Aibinta ba ɓoyayye ba ne. Batirinta ƙarami ne, hoto wajen 310 a gwaji, don haka sai an riƙe biyu ko uku a aljihun ciki kusa da jiki, domin sanyi yana rage ƙarfin batirin lithium ne na ɗan lokaci, idan ya ɗumama sai ya farfaɗo. Jikinta ba na ƙarfe ba ne, kuma fitowar farko tana amfani da tsohuwar kafar caji, wadda aka sauya a OM-5 Mark II ta 2025. Kariyarta daga laima ma ba ta hana raɓar cikin ɗaki, don haka kafin a shiga wuri mai ɗumi a saka ta cikin leda a ɗaure bakin, a bar ta sa'a ɗaya ko biyu har ta daidaita.

Maganar batir ita ce ta kai ni ga abin da ya fi zaɓen kyamara muhimmanci, wato jabu. Batirin jabu yakan zo da tambari da kwali da suka yi kama da na asali ƙwarai, har da 'yar takardar gargaɗi a ciki. Abin da ke tona masa asiri shi ne nauyi, domin sau da yawa ya fi na gaske sauƙi, sai rubutun da bai fito da kaifi ba, sai kuma ƙarfen haɗi mai dusashen launi. Wasu ba su da na'urar auna zafi ko ta kariya daga wuce kima wajen caji, shi ya sa suke kumbura har su maƙale a cikin kyamara. A ɗaki mai ɗumi jabu yakan yi kamar lafiya lau, sanyi ne ke fallasa shi, wato a daidai lokacin da ba a da mafita. Akwai kamfanonin da ke yin batir nasu da sunansu a bayyane, waɗannan ba jabu ba ne ko da ingancinsu ya bambanta. Wanda nake tsoro shi ne mai sanye da rigar wani.

Katin mimori ya fi haka muni, domin shi hotunan da aka riga aka ɗauka yake cinyewa. Ana sauya bayanin da ke cikin ƙaramin kati ya riƙa nuna wa kyamara cewa yana da girma, idan ainihin wurin ya cika sai ya ci gaba da rubutu a kan tsofaffin hotuna ko ya zubar da sababbin, kyamarar kuma ba za ta ce komai ba sai an dawo gida an tarar da fayilolin da ba sa buɗuwa. Manyan kasuwannin intanet ma ba su tsira ba, saboda 'yan kasuwa da yawa ne ke sayarwa a ƙarƙashin inuwarsu. Duk sabon kati a gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw ko F3, waɗanda ke cika shi taf su sake karantawa, kafin a ɗauki hoto ko ɗaya da shi.

Kyamarar da wani ya riga ya yi amfani da ita kuwa, musamman wadda aka ce tana jure ruwa, a yi mata kallon tsanaki, domin mai ita na farko ya yiwu ya gwada wannan alkawari fiye da kima. A buɗe ɗakin batir a duba ko akwai fari ko koren tsatsa, a duba kan kusoshi, a taɓa robobin da ke bakin ƙofofi ko sun bushe sun tsage, a haska tocila ta cikin gilashi a nemi fumfuna mai kama da saƙar gizo, a ɗauki hoton farin bango a f/16 don ƙurar sensa ta bayyana. Kyamarorin Olympus da OM suna da ɓoyayyen shafi da ke nuna sau nawa aka danna su, kuma mai sayarwar da ya ƙi nuna shi ya riga ya ba da amsa. Haka nan sabuwar kyamarar da aka shigo da ita ta bayan fage tana iya zama ta gaske, amma garantinta ba ya aiki a inda aka saye ta. Mafi yawan damfara tana taruwa ne a kan samfurin da ya yi ƙaranci a kasuwa, irin jerin X100, inda ake sato hotunan tallan wani, a sa kuɗi mai sauƙi, a ce mutane da yawa suna jira, a nemi a tura kuɗi ta hanyar da ba a iya dawo da su. Abin da nake nema daga duk mai sayarwa daga nesa shi ne sabon hoton kyamarar a kunne, lambar jikinta a bayyane, da takarda a gefenta ɗauke da kwanan watan ranar da wata kalma da ni na zaɓa masa ya rubuta da hannu.