Gargaɗi ga mata masu shirin ritaya a Maradi: ku yi hattara da masu zuwa “ba da shawara” kan kuɗinku

’Yan uwana mata ma’aikata, malaman makaranta, ungozoma da na ofisoshi, musamman waɗanda ritaya ta ƙarato musu, akwai wasu samari da ke zagaya unguwanni, daga Zariya har Ali Ɗan Sofo, suna cewa su masana harkar kuɗi ne, za su nuna miki inda za ki zuba abin da kika tara. Ba kowa suke bi ba. Sun san wadda takardunta suka tafi hukumomin fansho, CARENI ko CNSS, sun san wadda ta sayar da fili.

Wata abokiyar aikina ce abin ya faɗa wa, ba zan ambaci sunanta ba. Yaron ya zo ta hannun wata ƙawarta, da babbar riga gogaggiya, ya durƙusa har ƙasa ya gaida ta. “Hajiya, kamar uwa kike a wurina, ba zan so kuɗinki su kwanta a banki ba amfani ba.” Ya buɗe waya ya nuna mata lambobi suna hawa. Ta ba da miliyan 1 a kan za a riƙa ba ta jaka 100 kowane wata. Watannin farko ya kawo da hannunsa cikin ambulan, har da turmin atamfa. Da ta saki jiki sai ya ce ai tana da sauran albashi, ta karɓi bashin banki kafin ta ajiye aiki ta ƙara. Ta karɓa. Yau lambarsa a kashe take, shagon da ya kira ofis wani tela ne a ciki, banki kuwa yana cire nasa duk ƙarshen wata.

Ku yi lissafin da kanku. Jaka 100 a wata kan miliyan 1, kashi 120 cikin 100 ke nan a shekara. Asusun ajiya na banki a ƙasashen sefa na Yammacin Afirka kashi 3.5 yake bayarwa. Cibiyoyin ba da ƙananan rance ma, doka ba ta yarda su ɗora wa mai karɓar bashi fiye da kashi 24 a shekara ba. To wane fatauci ne, na gyaɗa ko na wake ko na atamfa, zai haifar da 120 ba fashi, rani da damina? Abin da ya kawo mata a ambulan kuɗinta ne da na matan da suka shiga bayanta. Haka ICC Services ta yi a Benin har ta rushe a 2010 da biliyoyin sefa na talakawa, haka MMM ta yi a Najeriya a ƙarshen 2016, haka CBEX a 2025. Ga Jibiya nan kusa, duk abin da ya ci Katsina ba ya daɗewa bai iso mu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suke fakewa da addini. Sun san da yawanmu muna gudun kuɗin ruwa, sai su ce nasu kasuwancin halal ne. Ku tambayi malamanku: a haɗin jari na Musulunci ana raba abin da aka samu ne, in an faɗi mai jari ya ɗauki asara. Wanda ya yanke miki adadi tun kafin a saya a sayar, ya kuma rantse ba za a taɓa faɗuwa ba, ya bar hanyar da yake da’awa.

Mai shawara na gaskiya akwai shi, kuma ba ya jin haushin tambaya. Ki ce ya nuna miki takardar izini. In hannun jari ko takardun bashin gwamnati yake talla, kamfaninsa sai da izinin hukumar AMF-UMOA mai mazauni a Abidjan, kuma sunayen waɗanda ta amince da su suna shafinta na intanet. In cibiyar ajiya da rance ce, ARSM ke sa ido a kanta a Nijar. In banki ne kuwa, babban bankinmu BCEAO na da reshe a nan Maradi, ki je ki tambaya. Ki tambayi mai shawarar ƙarara wa ke biyansa, nawa yake samu in kin sa hannu. Kuɗi kuma su shiga asusu mai sunanki. Ranar da aka ce ki tura ta waya da sunan wani mutum, ko ki miƙa katin banki da lambar sirri, magana ta ƙare. Kada ki sa hannu ranar da aka kawo takarda. Ki kwana da ita, wanda ya iya Faransanci cikin ’ya’yanki ya karanta miki har ƙananan rubutun ƙasa. “Kada ki gaya wa Alhaji tukuna” da “gobe za a rufe” kalaman mai cuta ne.

A wannan jihar tamu aka fara ƙungiyar ajiya da rance ta Mata Masu Dubara a 1991, kuma dalilin ɗorewarta a bayyane yake: akwati a gaban kowa, makullai a hannu daban-daban, a ƙirga kuɗi da murya kowa na ji. Duk mai son riƙe guminki na shekara talatin, ki auna shi da wannan mudu.

Wadda kuma aka riga aka cuta, don Allah kada kunya ta rufe miki baki, shirunki ne yake ba shi damar shiga gida na gaba. Ki adana saƙonnin WhatsApp, lambobin waya da takardun tura kuɗi, ki kai wa ’yan sanda ko jandarma. In wani ya bugo ya ce zai ƙwato miki kuɗinki amma sai kin fara biyan wani abu, kada ki ba shi ko dala.