Frankenstein na 1931 ko Amaryarsa ta 1935?

Tun da aka san ina son tsofaffin finafinan ban tsoro na baƙi da fari, tambaya ɗaya ake ta yi mini: Frankenstein na 1931, ko ci gabansa, Bride of Frankenstein na 1935?

Duka biyun na kamfanin Universal ne a Amurka, James Whale ya ba da umarni, Boris Karloff ne ya fito a matsayin dodon da wani masanin kimiyya mai suna Frankenstein ya ƙera. A na farko dodon ba ya cewa uffan, kiɗa ma kusan babu, shirun nan ke tayar da tsigar jiki. Wurin da yake jefa furanni cikin tafki tare da wata yarinya, furanni suka ƙare ya ɗauke ta ya jefa, har yau kawar da kai nake yi.

Na biyun ya fi cin kuɗi, ga kiɗan Franz Waxman, ga barkwanci. Dodon ya koyi magana wurin wani tsoho makaho da ya ciyar da shi. Amaryar da aka ƙera wa dodon kuwa sai can ƙarshe ta fito, tana ganin ango ta ƙwalla ihu.

Mai neman tsoro zalla ya ɗauki na farko. Wanda tausayi da dariya suka fi jansa, na biyun nasa ne.