Gashin ƙashi bayan karayar hannuna: zuwa shida na farko na gode, sauran ban yafe kuɗina ba

Tun da aka fara ganina da fartanya a bayan gida, duk wadda ta shigo yi mini barka da samun sauƙi sai ta tambaye ni inda na je gashin hannu, da ko ta kai nata majinyacin can. Na gaji da ba da amsa rabi da rabi a bakin ƙofa, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunan wurin ba. Mai zaman kansa ne a nan cikin Katsina, kuma duk wanda ya taɓa neman gashin ƙashi a garin nan ya san abin da irinsu ke karɓa.

A watan Agusta ne, ruwa ya kwana yana zuba. Da gari ya waye na fita in ga ko ya kwantar mini da kuɓewa, santsin gansakuka ya kwashe ni a bakin rariya, na dafe ƙasa da hannun dama. Hoto ya nuna ƙashin ɓangaren babban yatsa ne ya karye dab da wuyan hannu. Yayata ta ce a kira mai ɗori, ƙanin maigida ya ce sai Dala ta Kano, a ƙarshe dai nan asibiti aka ja shi aka sa siminti na mako 6. Likita ya ce irin wannan karayar ta fi samun mu matan da muka haura 50, domin ƙashi yana rage ƙwari bayan ɗaukewar al'ada.

Na ɗauka ranar yanke siminti ita ce ranar warkewa. Ashe ranar aka fara jinya. Hannu ya fito a rame, fata na saɓa, yatsu a kumbure, wuyan hannu ya sandare kamar icce. Ban iya juya tafina sama in yi addu'a, ɗankwali sai an ɗaura mini, sujada kuwa a kan dunƙulallen hannu nake yi. Ga Oktoba ta kawo kai, lokacin rainon iri, ga fangali takwas da na shekara 17 ina yi wa hidima ciyawa ta cinye su, zogale da lemun tsami kaɗai suka rage a tsaye.

Da muka je wurin, mai karɓar kuɗi ta ce idan na biya zuwa 12 gaba ɗaya akwai ragi. Na biya. Sharaɗi ɗaya na gindaya, mace nake so ta riƙa kama hannuna, aka ce ba matsala. Aka haɗa ni da wata matashiyar likitar gashi, ba za ta girmi autata ba.

Zuwa uku na farko ba abin labari. A tsoma hannu cikin narkakken kaki mai ɗumi sau da yawa, a naɗe da leda da tawul kamar minti 15, a ɓare, ta murza, ta lanƙwasa a hankali. Tana da wani abin awo irin na kusurwa da muke koyar da yara da shi a aji, ta auna ta ce wuyan hannuna digiri 20 kawai yake komawa baya, lafiyayye kuwa yakan kai wajen 70. A ƙarshen zuwa na uku ta tsaya da rubutu ta dube ni.

"Mama, me kike so hannun nan ya koma yi miki?"

Na ce, "Sallah da lambu, 'yata."

"To ran Alhamis ki zo mini da abin da kike noma da shi."

Wallahi na ɗauka lallashi ne irin na ma'aikatan jinya. Amma na sa 'yar fartanyata a buhu muka hau napep da ita. Tana ganina ta karɓa, ta jujjuya ta, ta ce in riƙe yadda na saba. Na riƙe. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta nuna mini abin da ni mai hannun ban lura da shi ba. Ƙotar siririya ce, ta yi santsi don daɗewa, yatsuna kuma ba su kai ga rufewa a kanta, sai nake karkata wuyan hannu ina matsa ta da ƙarfi don kada ta suɓuce. Daidai wurin karayar nauyin ke sauka ke nan.

Ta ce in jira ta. Daga taga na hango ta da farar rigarta ta tsallaka titi wurin mai faci, ta dawo da tsohon tib ɗin babur, da kuɗin jakarta ta saya. Ta yanko guntun soson katifa, ta naɗe ƙotar da shi, ta yayyanka robar zare-zare ta ɗaure tam, har ƙotar ta yi kauri kamar taɓarya ƙarama. Ta miƙo mini. Yatsuna suka zauna a kai daram, ba matsi, ba zafi. Ta zuba yashi a babbar roba ta ajiye a ƙasa, ta durƙusa kusa da ni, ta ce in ja. Hannunta ɗaya a wuyan hannuna don ya tsaya a miƙe, ɗaya a gwiwar hannuna, tana cewa, "Daga kafaɗa za ki jawo, Mama, ki bar wuyan hannu ya huta, shi riƙo kawai ne aikinsa." Na ja yashin nan sau goma. Mako 9 rabona da riƙe wani abu da ya fi cokali nauyi. Hawaye suka zubo mini a gaban yarinyar nan, ta yi kamar ba ta gani ba, ta ci gaba da ƙirga mini.

Abin da ta koya mini a ranar ya fi duk na'urorin da ke ɗakin amfani, don haka bari in faɗe shi ko wata za ta ƙaru. Ta hana ni saran busasshiyar ƙasa, domin girgizar sara tana bin ƙota har ƙashi. Ta ce a jiƙa fangalin tun da dare, da safe in ja ƙasa mai laushi, minti 10 in tashi. Ban-ruwa kuwa ta yi mini lissafinsa dalla-dalla: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, bokitin da nake ɗauka da can kilo 10 ne ko fiye, jarka 25. Ta ce in fara da gorar roba ta lita ɗaya da rabi, a huda murfin da ƙusa, sai mako ya zagayo in ƙara. A gida ta sa na cika kwano da gero na binne wake a ciki, in riƙa tsamo shi ɗaya bayan ɗaya da yatsu. Ta sa na riƙe guduma, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, in riƙa kwantar da ita dama da hagu, wannan ne ya dawo mini da juya tafi. Da dare hannu a kan filo, sama da ƙirji, don kumburi ya sauka. Ta kuma ba ni ma'auni guda: ciwon da ya lafa kafin la'asar na aiki ne, wanda ya kwana ya tashi da kumburi kuwa na wuce gona da iri ne.

Da wannan na yafa latas. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai an gauraya da yashi a riƙa murzawa tsakanin babban yatsa da manuni, aikin da makonni biyu kafin nan ko allura ban iya ɗauka. A zuwa na shida ta auna ta ce mun kai digiri 50. Na kai mata zogale da lemun tsami cike da leda, ta ce, "Allah ya saka, Mama, saura ki kawo mini latas." Ranar da na dawo gida duk wadda ta tambaye ni cewa nake ku je, ku je, babu irinsu a Katsina.

A zuwa na bakwai na tarar ba ta nan. Wa'adin aikinta a wurin ya ƙare. Ba laifinta ba ne, tafiya ta kama ta. Abin da ya ƙona mini rai shi ne sun san ranar tafiyarta tun kafin su karɓi kuɗin zuwa 12 a hannuna, kuma ba wanda ya buɗe baki ya gaya mini. Wata macen babu. Aka turo mini wani saurayi, na tuna musu sharaɗina, mai karɓar kuɗi ta ce, "Hajiya, ai lalura ce." Na sani lalura ce, shi ya sa na zauna, amma alkawari fa aka yi mini.

Saurayin bai buɗe takardata ba balle ya ga awon da aka yi. Ya sa hannuna ƙarƙashin jar fitilar ɗumi, ya koma kujera da wayarsa. Na tambayi kaki, ya ce babu wuta kuma ba a tayar da janareto don mutum ɗaya. Fitilar ma ɗauke-ɗauke ta yi ta yi a kan batir. Aka soke mini zuwa ɗaya a kati cif, kamar an yi komai. Na takwas ma haka. Na yi masa maganar fartanya, ya yi murmushi ya ce mai shekaruna hutu ya kamace ta, in bar wa yara. Wannan maganar ta tsaya mini a rai fiye da rashin wutar, domin lambun nan shi ne dalilin zuwana.

A zuwa na tara abin ya kai maƙura. Ya ce hannun ya yi jinkiri, ya kama tafina ya danna baya da ƙarfi lokaci ɗaya, ba ɗumi, ba murza. Na yi salati da ƙarfi har na waje suka leƙo. Ya ce, "Haƙuri za ki yi Hajiya, gashi sai da zafi." Na san zafin gashi, na sha shi sau shida a hannun wadda ta iya, a hankali yake zuwa kana numfashi yana sakin ka. Wannan daban ne. Kafin magariba wuyan hannuna ya yi suntum, zobe sai da sabulu aka cire. Kwana biyar ban yi barcin kirki ba. Maigida ya mai da ni asibiti aka sake hoto da kuɗinmu, Alhamdulillahi ƙashin bai motsa ba, likita ya ce a huta mako guda a riƙa sa sanyi.

A wannan makon ne kuma aka kawo mini dashen albasa da na yi cigiya tun da wuri wurin masu lambu na Ƙofar Marusa. Dashe ba ya jira. Na zauna a kujera hannu a rataye ina kallon jikana yana ta fama, yaro ne, ya nutsa wasu da zurfi, wasu ya bar saiwa a waje, sauran suka yi yaushi a cikin buhu. Fangali uku na yi niyya, ɗaya da rabi ya kama. Wanda bai taɓa raino da dashe ba zai ce albasa ce kawai, ana sayarwa a kasuwa. Ni na san shekara guda zan jira kafin wannan lokacin ya dawo.

Da na tuna ma, har takalmin hannun da suka sayar mini a rana ta farko, mai ƙarfe a ciki, ya yi mini yawa, yana zamewa har yatsu. Na koma da shi washegari aka ce an buɗe leda ba a karɓa. Daga baya ɗiyata ta samo daidai ni a kantin magani, ƙasa da kuɗinsu nesa ba kusa ba. A lokacin na haɗiye don ina jin daɗin aikin likitar, yanzu kuwa duk ya dawo mini sabo.

Na aika a gaya wa mai wurin abin da ya faru, sau biyu, amsar ɗaya ce, ba ya nan. Na nemi kuɗin zuwa ukun da suka rage, aka ce tsarinsu ba a mayar da kuɗi, sai dai in zo a ƙarasa mini. Wa zai ƙarasa? Wanda ya kumbura ni?

Ban koma ba. Da gero da guduma da gorar ruwa na ci gaba a gida, bisa abin da ta rubuta mini a bayan kati da hannunta. Yanzu muna tsakiyar hunturu, da asuba wuyan hannun yakan ƙage sai na tsoma shi a ruwan ɗumi kafin alwala. Tafina ya kusa kwanciya sosai a sujada, saura kaɗan ta wajen babban yatsa. Ina ɗaukar rabin bokiti, ina tuƙa tuwon mutum huɗu, murɗa wanki mai kauri ne har yau yake gagara ta. Latas ya yi kyau, mun ci mun ba maƙwabta, karas ya fara kai, yakuwa kuwa na bar ta ta yi iri. Robar ƙotar ta fara tsagewa, na aiki jikana wurin mai faci ya samo wata na sake naɗewa yadda na ga ta yi. Na so in kai mata latas ɗin da ta ce, na nemi lambarta a wurin, suka ce ba su bayarwa.

Masu tambayata ko su je, ga abin da nake ce musu yanzu. Kafin ki ciro ko sisi ki tambayi wa zai riƙa kama hannun, ki gan shi da idonki, ki ji har yaushe zai kasance a wurin. Kada ragi ya ruɗe ki, ki biya na kowane zuwa a ranarsa. Ki tafi da kayan aikinki, muciya ce ko almakashi ko fartanya, in an yi miki dariya ki tashi. Katina yana nan cikin jaka da zuwa uku da ba a soke ba, ran Litinin maigida zai sake komawa neman mai wurin.