Mai gyaran wifi na unguwar Zariya: yana aunawa kafin ya ce a sayi wani abu

A Maradi, da zarar intanet ɗin gida ya yi nauyi, abin da ake fara cewa shi ne babu rezo, daga nan sai a canja layi ko a sayi sabon modem, wato na'urar da ke karɓo intanet tana raba shi a gida ta wifi. Akwai wani ƙaramin shago a unguwar Zariya, na wani matashi da yaransa, wanda aikinsa shi ne bin gidaje da ofisoshi yana gano inda matsalar take. Ya yi mini aiki a gida da kuma shagona na buga takardu kusa da Babbar Kasuwa, kuma ina ganin ya dace a bayyana aikinsa, da abin yabo da abin gyara.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake raba matsalar gida biyu tun kafin ya taɓa komai, wato tsakanin eriyar kamfani da modem, sannan tsakanin modem da wayar hannu. Yakan haɗa kwamfutarsa da modem ta igiya ya auna gudu, ya cire igiyar ya sake aunawa a gefen na'urar, sannan ya tafi ɗakin da ya fi nisa. A gidana gudun igiya ya fito daidai, amma a ɗakin baya manhajarsa ta nuna ƙarfin sigina ya kusa -80 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina ke nan, inda kusantar sifili ke nuna ƙarfi), alhali kiran bidiyo yana son kamar -67 ko abin da ya fi haka kyau. Sai ya ce mini, "Alhaji, layinka lafiya lau yake, kada ka kashe kuɗi a kansa."

Modem ɗin yana cikin kabad na ƙarfe a ƙasan talabijin, inda aka ɓoye shi saboda ƙura da hannun yara. Ya nuna mini cewa ƙarfe, da bangon siminti mai rodi, da tankin ruwa, duk suna shanye sigina, sannan ya sa na ɗora hannu a bayan na'urar na ji yadda ta ɗauki zafi. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin gari kansa yana haura haka, balle cikin rufaffen kabad. Ya mayar da shi sama a bangon tsakiyar gida inda iska ke ratsawa, ya kuma canja cajar, domin wadda aka jona ba tasa ba ce kuma ba ta ba shi isasshen kuran, abin da ke sa yana mutuwa yana tashi da kansa.

Matsalar shago daban ce. A can wifi na maƙwabta sun yi yawa, kuma kusan dukkansu suna kan zangon 2.4 GHz, wato ɗaya daga cikin hanyoyin iska da wifi ke bi, wanda tashoshi uku kawai ke cikinsa da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Ya kwatanta mini abin da taron jama'a masu son shiga kasuwa ta ƙofa ɗaya. Ya duba tashar da ta fi sauƙin cunkoso ya mayar da mu can, sannan ya buɗe zangon 5 GHz da sunansa daban, domin ya fi gudu kuma ba a cika turereniya a kansa ba, duk da cewa ba ya ratsa bango sosai. Da ya buɗe jerin na'urorin da ke haɗe, mun tarar da wayoyin da ba na kowa a shagon ba, don haka ya canja kalmar sirri, ya tabbatar tsaron yana kan WPA2, wato tsarin kulle wifi da kalmar sirri, ya kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ya kuma hana kwamfutoci sauke sabuntawa a lokacin aiki, wanda shi ke cinye forfe ba a sani ba.

Na nemi ya sayar mini da na'urar ƙara nisan sigina, wadda yake da ita a shagonsa, amma ya ƙi, yana mai cewa irin mai arha tana karɓa tana aikawa da rediyo ɗaya, saboda haka gudun yakan ragu kusan rabi. Ya gwammace a ja igiya zuwa ɗakin baya a jona na'ura ta biyu.

Sai dai akwai abin gyara. Ba ya cika alkawarin lokaci, kuma ga mai shago jira asara ce. Jaka biyar da ya faɗa kuɗin zuwa da bincike ne kawai, kuɗin igiya da aikin ja sai daga baya suka fito, alhali ya kamata a faɗe su tun farko. Abin da ya fi damuna shi ne ba ya barin takardar saitin da ya yi, ta yadda idan wani ya danna maɓallin mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani, dole a sake kiransa.

Bai ɓoye mini cewa nauyin da ke zuwa bayan sallar Isha, lokacin da kowa ya hau intanet, daga eriya yake ba daga gida ba, kuma iyakar abin da zai iya shi ne matsar da modem kusa da taga, ko ɗora eriyar waje, ko gwada layukan Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom a ga wanda ya fi kamawa a unguwar. Saboda haka wanda zai kira shi ya nemi ya zo a daidai lokacin da intanet ɗin ke yin nauyi, ya kuma sa ya rubuta masa tasha da kalmar sirri a takarda kafin ya biya.