Shingen amya na korar giwaye daga gona: yana aiki, amma sai da ƙudan zuma a ciki

Giwa duk girmanta tana shakkar ƙudan zuma, don yakan harbe ta a gefen ido da bayan kunne da cikin hanci, inda fata ba ta da kauri. A kan wannan hali Dakta Lucy King ta ƙungiyar Save the Elephants ta gina shingen amya a Kenya, aka fi gwada shi a Sagalla, kusa da gandun dajin Tsavo.

Gonar eka ɗaya tana cin amya 12 ta gaske da ta bogi 12, ana jera su ɗaya bayan ɗaya, mita 10 tsakani. Kowace ana rataye ta da waya tsakanin dirkoki biyu, a yi mata 'yar jinka saboda rana, sannan a ja waya guda ta haɗe su duka. Giwa na tura wayar da ƙirji, sai amyoyin su yi lilo, ƙudaje su fito a fusace. Wadda ta taɓa shan harbi ba ta tsayawa tantance ta gaske da ta bogi.

Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna shingen ya mayar da kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka tunkari gonakin gwaji. Ba ƙaramin abu ba ne ga mai 'yar gonar masara.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka lura da halin manomi. Shingen lantarki idan ya lalace, kowa jiran hukuma yake yi. Wannan kuwa akwai zumar sayarwa a cikinsa, don haka mai gona da kansa yake zagayawa yana ɗaure waya, yana share amya. Wanda kuma ya kwana a ɗakinsa maimakon gadi da wuta da bugun gwangwani, da wuya ya nemi mashi mai dafi don kashe giwa.

Inda ake samun matsala: amyar da babu ƙuda akwatin katako ce kawai. A lokacin farin da aka yi a 2017 mafi yawan amyoyin Sagalla sun zama fanko, don babu fure babu ruwa. Sai a ajiye ruwa a kasko da 'yan tsakuwa a ciki kada ƙudan su nutse, a kuma shafa kakin zuma a amya don jawo sabon taro. Dage yana hawa dirka ya fasa amya, maganinsa a naɗe dirkar da langa-langa mai santsi. Gara na cin dirka, shi ya sa ɗanyen dashi ya fi, yana kama ƙasa ya tsiro. Wayar da ta saki ba ta girgiza komai, kuma toron giwa da ya saba ɓarna yakan bi shinge har ya sami kafa.

Kuɗin farko yana da nauyi idan amyar zamani za a saya, kuma bai dace da gona mai faɗin gaske ba. Ga ƙananan gonaki irin na ƙauyukan da ke kewaye da Yankari, inda giwaye ke shiga amfanin gona, ya cancanci gwaji, da sharaɗin a fara tabbatar da ruwan rani da mutum ɗaya da ya iya kiwon zuma.