GARGAƊI: mai allurar jijiyoyin ƙafa a Gwarinpa, Abuja, ta ci min naira 180,000

Wallahi ina rubuta wannan hannuna na rawa. Naira 180,000! Kuɗin adashina ne sukutum, na ɗauka na tura wa matar nan, yau ga ni da gyambo a ƙwauri, ita kuma ta kashe waya.

Kada wani ya ce min me ya sa ban bincika ba. Na bincika. Tun haihuwata ta huɗu jijiyoyin ƙafata ta hagu suka kumbura, suka yi kore, suka murɗe kamar igiya. Koyarwa nake yi, a tsaye nake wuni, kafin la'asar ƙafar ta yi nauyi kamar an ɗaura min dutse. Na karanta cewa akwai allurar da ake yi a cikin jijiyar, ta ƙona bangonta ya manne, a hankali jiki ya shanye ta. Gaskiya ne, akwai ta, likitoci na yi. Shi ya sa da matar ta ce da polidocanol za ta yi min allurar, sunan maganin da na riga na gani, hankalina ya kwanta.

Na kasa manta lokacin nan. Sanye da farar riga, ta durƙusa a gabana, ta shafa ƙafar tana cewa, "Hajiya, wannan ai ƙaramin aiki ne, zama ɗaya kin gama." Durƙusawa fa ta yi! Wa zai ce ɓarauniya ce? A nan na tura 120,000. A'a, 60,000 na fara turawa tun a WhatsApp kafin ma in je, wai na kama layi. Duka dai 180,000. A Instagram na fara ganinta, shagon kuma a saman wata filaza yake, da labule da gado ɗaya.

Kwalbar maganin ba ta da lambar NAFDAC, sai daga baya na tuna ta juya ta tana zuƙa. Allura bakwai ta yi min. A ta biyar na ji zafi kamar wuta, ta ce alamar magani na aiki ke nan. Kwana huɗu wurin ya yi baƙi, ya fashe.

Likitan da ya duba ni a asibitin gwamnati ya tambaye ni, an yi miki hoton jijiya kafin allurar? Ba a yi ba. An ba ki safa mai matse ƙafa, an ce ki riƙa tattaki? Ko ɗaya. An tambaye ki ko kina da ciki, ko jini ya taɓa daskare miki a ƙafa? Ba ta tambaya ba. Ya ce in ruwan ya zube wajen jijiya, fatar wurin mutuwa take yi. Kuma na ji kunya, don maigidana sai da ya ce in bari.

Ranar Talata na koma, shagon a kulle, mai gadi ya ce ta kwashe kaya tun Lahadi. Ina da hotunan hirarmu da rasit ɗin banki guda biyu, zan saka su da zarar na dawo daga wajen 'yan sanda.

Ku nemi shaidar rajistar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, kuma in ba a yi hoton jijiya ba kada ku yarda a soka muku allura. Naira 180,000, ga kuɗin wankin ciwo kullum. Allah ya isa tsakanina da ita.