Wuta ko guduma: wanne ya fi ƙara wa maganisiyam tauri?

Wani ɗan uwa mai aikin ƙira a Panteka ya ce ya gasa guntun maganisiyam ya tsoma a ruwa yadda ake yi wa tama, bai ga wani taurin kirki ba, shi ne yake tambaya ko duka da guduma ya fi. Malam, amsar tana ga irin haɗin da ke hannunka, wato waɗanne ƙarafa aka gauraya da maganisiyam ɗin.

Mu fara da wuta. Tama na yin tauri da tsomawa saboda sinadarin kabon da ke cikinta. Maganisiyam ba shi da wannan hali. Abin da wuta ke yi masa daban ne, kuma a haɗinsa da alminiyam, sai alminiyam ɗin na da yawa take aiki. Ɗauki haɗin da ake kira AZ91, wanda aka fi yin zubi da shi: alminiyam kashi 9 cikin 100, tutiya kusan kashi 1. Ana ajiye shi a tanda mai zafin digiri 415 na salshiyas, awa 16 zuwa 24, har alminiyam ɗin ya narke ya bi jikin ƙarfen, sannan a sanyaya. A nan ba tauri yake ƙarawa ba, laushi ma yake yi, ya sauka wajen 55 a ma'aunin tauri na Brinell. Sai an mayar da shi wuta ƙasa-ƙasa, digiri 168 na tsawon awa 16, sannan ƙananan ƙwayoyin Mg17Al12, wato gamin maganisiyam da alminiyam, ke tsattsafowa a cikinsa su tokare shi, taurin ya kai kusan 70. Wannan shi ake kira T6.

Ka ga kenan ba aikin gawayi da zuga-zugi ba ne. Da zafi ya haura digiri 437, wani sashe na cikin ƙarfen kan fara narkewa, tazararsa da zafin tandar kuwa ba ta wuce digiri 22 ba. Ido ba zai auna maka wannan ba, don maganisiyam ba ya yin ja kamar tama kafin ya lalace. Kuma kayan da aka yi zubinsu da matsin inji, irin su jikin kwamfutar tafi-da-gidanka ko na injin yankan itace, akwai iska maƙale a cikinsu. Suna shiga wannan zafin sai fatarsu ta yi bororo.

Duka ko murzawa a sanyi shi ne na haɗi mai ƙarancin alminiyam, irin fallen AZ31 mai kashi 3, wanda wuta ba ta tsinana masa abin kirki. Falle mai laushi yana kusan 56 a ma'aunin Brinell, wanda aka murza aka ɗan gasa, wato H24, yana kusan 73. Sai dai maganisiyam ba shi da haƙurin duka. Tsarin ƙwayoyinsa mai kusurwa shida ne, hanyoyin da yake zamewa a sanyi kaɗan ne, don haka kafin ka kai inda kake so bakinsa ya tsage. Shi ya sa masana'antu ke lanƙwasa shi da ɗumi, sama da digiri 200. Taurin duka kuma ba ya jure zafi: walda ko gashi a digiri 345 na mayar da shi laushinsa na da.

A ganina, in zubin yashi ne na AZ91 kuma kana da tanda mai ma'auni, bi ta wuta. In falle ne, sayi wanda aka riga aka murza, ka bar wa guduma gyaran baki kawai. Duk wadda ka bi, ƙarin bai taka kara ya karya ba, domin tama marar tauri ma ta haura 100. Don rashin nauyi ake neman maganisiyam, kashi biyu bisa uku na nauyin alminiyam ne kawai.

Kafin komai, ka tabbatar da abin da ka saya wajen 'yan gwangwan: kankare gefe ka ɗiga ruwan tsami irin na binega, maganisiyam zai yi kumfa, alminiyam ba zai motsa ba. Garin maganisiyam kuma ka share shi nesa da tartsatsin garanda. In ya kama wuta kada ka kusanto da ruwa, busasshen yashi ake zuba masa.